Ruwan Tukunyar Kuɓewa

Makon jiya ina kwance a asibiti a Funtua, wata ma'aikaciya tana yi mini tausar baya, sai cikina ya saki ƙugi kamar ana jan turmi a tsakar gida. Kunya ta rufe ni, na ce ta yi haƙuri. Ta yi dariya ta ce ai haka ake so, alama ce jiki ya saki. Ni kam ban yi dariya ba. Maganar kakata ce sak, kuma tun da na ji ta na kasa zama wuri guda.

Shekarata tara lokacin, a ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi, ana tsakiyar cirar auduga. Mama na da tsohon ciki. Ta sa ni wanke tukunyar miyar kuɓewa, ta ce in kai ruwan bayan gida. Ƙawayena na jirana a waje, sai na sheƙa shi nan bakin ƙofar ɗakinta na arce. Da na dawo na tarar ana ɗora ta a motar ɗaukar auduga, zanenta duk jini. Aka ce faɗuwa ta yi a bakin ƙofa. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ba wanda ya tambayi wa ya zubar da ruwa, ni ma na ja bakina na yi gum.

Daga ranar cikina ya ɗaure tamau. In na kai lomar tuwo sai ta tsaya a maƙogwaro, wadda ta wuce kuma ta zauna kamar dutse. Kwana biyar ban zaga ba. Gwaggo ta ɗura mini jiƙon tsamiya, ta bi da kanwa, Baba ya sayo maganin tsutsar ciki a kemis, duk a banza.

Kakata ta wajen uba ita ce mai tausa a unguwarmu. Tana da ƙa'idarta: ba ta fara taɓa inda ke ciwo. Takan ce ciki matsoraci ne, in ka tunkare shi gaba da gaba sai ya ƙara ƙullewa, kuma mai fargaba ko kunu ya sha ba zai narke masa ba. Ba ta ɗauke hannu sai ta ji ƙugi. Har dattawan coci sun sha kunya a tabarmarta.

Da hantsi ta shimfiɗa ni a inuwar rumbu, ta murza man kaɗanya a tafinta har ya yi ɗumi. Ta fara da yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya, ta hau sharaɓa, ta koma kafaɗu da ƙeya, tana ta ba ni labarin wata akuyarta mai satar dusa. Ni kuwa na sandare kamar muciya. Ta ce, "Ke, saki jikinki mana, ba yanka ki zan yi ba." Can da idona ya fara nauyi sai ta ɗora tafinta a cibiyata, ba dannawa ba murzawa, ta bar shi kawai. Cikina ya yi ƙugi. Kuka ya biyo baya, na faɗa mata komai.

Ta ɗauke hannunta daga cikina. Sannan ta ce, "To, ya fita. Maganar nan ta mutu a tabarmar nan. Kada uwarki ta ji, abin da ke kanta ya ishe ta." Da la'asar na zaga, na cinye kwanon tuwo, kowa na yabon hannun tsohuwa.

Amma fa shekara talatin ke nan, duk ranar da na je gida cikina sai ya ɗaure. Ban iya cin girkin Mama, ita kuma tana ganin birni ne ya sa na raina tuwonta. Wannan ya fi komai ci mini rai. Kakata ta rasu, asibiti ya maye gurbin tabarmarta, na sha magungunan gyambon ciki har na gaji.

Shi ya sa daga asibitin nan tasha na nufa. Na tarar da Mama zaune ƙafafunta sun kumbura. Na ɗora su a cinyata ina matsawa, na faɗa mata ba tare da na dube ta ba.

Ta janye ƙafarta. Ta ce ranar ko bakin ƙofar ba ta kai ba, jiri ne ya ɗebe ta tun daga bakin gado, jinin ma ya riga faɗuwar zuwa. Ruwan kuwa ko ganinsa ba ta yi ba.

Ta dube ni, idonta ya ciko. Ta ce, "Shekara talatin ina canza miya, ina cewa ko wannan za ki ci. Haba ɗiyata, da kin tambaye ni."