Waifan Asibitinmu da Majalisar Alhaji Garba

Akwai wata Talata da har yau ban manta da ita ba, wata biyu da fara aikina a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Tudun Wada. Ni kaɗai ne jami'in kwamfuta, kuma ban daɗe da gama karatu ba, saboda haka komai sai na duba shi sau uku.

Ranar ina tsaye a waje, bakin ƙofa, na haɗa wayata da waifan asibitin don gwaji. Sai ga ma'ajiyar sakamakon ɗakin gwaji ta buɗe: sunayen mata, gwajin ciki, gwajin jini. Shi waifai katanga ba ta tare shi. Duk mai kalmar sirri tamkar yana zaune a ofishinmu ne. Ban ce wani ya gani ba, ba ni da hujja. Amma da na duba rauta, na'urar da ke raba waifan, wayoyin da ban sani ba sun fi na ma'aikata yawa.

Na sami Hajiya Rabi, shugabar ma'aikatan jinya. Na ce, "Hajiya, ina ganin, idan ba damuwa, ya kamata a canza kalmar."

Ta yi dariya. "Canza mana, Injiniya. Kafin la'asar ta isa majalisar Alhaji Garba. Dattijo ya miƙo wa yarinya ma'aikaciyarmu waya, ya ce ''yata, sa mini,' da wane baki za ta ce a'a?"

Alhaji Garba maƙwabcinmu ne, majalisarsa na gindin darbejiyar da ke jikin katangarmu. Shi ke sa a buɗe hanya idan an kawo mai naƙuda. Hana shi abu ba ƙaramar magana ba ce.

Da izinin likita na raba layin biyu. Na waje yana kai mutum intanet kawai, ba ya ganin kwamfutocinmu. Wannan kowa ya sha. Na ciki na sa masa WPA2, tsarin da ke cakuɗa bayanai yadda wanda ya tare su a iska ba zai iya karantawa ba. Kalmarsa doguwa ce, ni na shigar da ita a kwamfutocin da hannuna, ban gaya wa kowa ba. Kwafi ɗaya na rufe a ambulan na ba likita. Na kuma canza kalmar shiga rautar, wadda tun daga kamfani ba a taɓa ta ba.

Abin da ban hango ba shi ne, yanzu ni za a miƙo wa waya.

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya kira ni a gaban jama'a. "Injiniya, an ce ka ɓoye mai kyau a ciki, ka bar mana ƙanzo. Sa mini."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, a gafarce ni, wataƙila ban iya bayani ba. Duk wayar da ta hau na cikin, tana iya buɗe sakamakon gwajin matan da ke zuwa awo. Na kowane gida."

Wani ya fara cewa ai su ba masu leƙe ba ne. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni.

"Da can haka yake?"

"Ina jin haka ne, Baba."

Ya kalli wayarsa, sannan ya mayar da ita aljihu. "Ko ni na sake tambaya, kada ka ba ni. Wanda ya matsa maka, turo shi nan."

Babu wanda ya ƙara tambayata. Abin da nake gaya wa sababbin shiga aikin nan ke nan: saita na'ura rabin yini ne. Amma kada ka ɗora wa ma'aikaci sirrin da kunya za ta ƙwace masa, kuma ka gaya wa dattawa gaskiyar abin da kake tsarewa. Sau da yawa sun fi ka son a tsare shi.