Ɗakin da 'Yata Ta Kama a Akpakpa

Kwana tara da rasuwar 'yata, ina tsaye kan tukunyar tuwo da hantsi, wayarta ta yi ƙara a cikin ɗaki. Na ajiye muciya na shiga. Ba kira ba ne. Rubutu ne layi ɗaya a kan gilashin, ya ɗan tsaya, ya ɓace.

Ban taɓa shiga makaranta ba. Tuwo nake sayar wa fataken shanu a nan Zango tun kafin in haife ta, kuma abin da na iya karantawa duk duniya lambobi ne, su ma a jikin kuɗin sefa na koye su. Ita kuwa tela ce, ta yi lakwal, wato bokon Faransanci, komai nata a waya yake. Na sha zuwa in tsaya a kanta tana latse-latse.

"Da wa kike magana?"

"Da kaina, Inna."

"Mai magana da kansa ai akwai sunan da ake kiransa."

Sai ta yi dariya ta nuna mini wasu 'yan alamomi uku a kan gilashin. Wannan mai launin shuɗi shi ke tuna mata aikin da za ta yi da ranarsa. Mai rawaya nan take rubuta abin da ke ranta. Koren na lissafi ne. Na ce mata mutum ɗaya da rumbu uku, wata rana sai ta nemi abu ta rasa inda ta zuba shi. Ta ce ba ta rasawa. Gaskiyarta, ba ita ta rasa ba.

Tun da aurenta ya mutu ta dawo gabana, ban sake mata ba. Na san ƙarar takalminta, na san lokacin da ya kamata ta dawo daga kasuwar Tokpa-Hoho in ta je sayen zare, in ta ƙara rabin awa sai ta yi mini bayani. Mace mai shekara talatin da wani abu. Haka aka riƙe ni, haka na riƙe ta. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta cikin kwana uku.

Wayar a kulle take, da yatsanta take buɗewa. Amma mai tunin nan bai san ta mutu ba. Da ya sake ƙara washegari, na ruga da wayar wurin maƙwabciyata, wata 'yar Nijar da ke aiki a farmasi, ta iya Faransanci.

Ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, cewa aka yi: ganin mai gida a Akpakpa, a karɓi makulli. Kwatancen yana cikin rubutu."

"Wane gida?"

"Wallahi iyakarsa ke nan."

Daga ranar ya zame mini aiki. Ina sa wayar a caji kamar mai ba jariri nono, ina ɗaure ta a gefen zani ina tuƙa tuwo. Bayan kwana biyu ko uku sai ta yi ƙara. Fenti. Mai gyaran famfo. A ɗauki keken ɗinki a kai. Kowane layi kuma da wutsiyarsa: duba rubutu, duba lissafi, wato mai rawayar nan da koren. 'Yata ta kama ɗaki a Akpakpa, can ƙetaren gada, ta shirya komai daki-daki, ina zaune a kanta da idona biyu ban gani ba.

Abu ɗaya ya hana ni sakat. Da ni za ta tafi, ko ni za ta bari?

Na hau zemijan, acaɓar garin nan, na je Akpakpa sau biyu. Na bi layi-layi ina tambayar ko wata tela Bahaushiya ta kama ɗaki. Wani mai walda ya ce, "Mama, Akpakpa ai gari ne, ba lungu ba." Na kai wayar wurin mai gyara a bakin kasuwa. Ya juya ta ya ce zai buɗe, amma duk abin da ke ciki zai goge.

"To me ka buɗe ke nan?"

"Wayar, Hajiya."

Na karɓi abata.

Wata ranar Laraba ta yi ƙara, maƙwabciyata na tsaye a ƙofa za ta wurin aiki. Ta karɓa, ta duba.

"Katifa," in ji ta. "Katifa biyu za ta saya. Kin gani ko, Hajiya? Da ke za ta."

Na ce Allah ya yi mata albarka. Amma kafin rubutun ya ɓace idona ya faɗa kan lambar da ke ƙarshen layin, sandar nan guda a tsaye. Na koma ɗaki na zauna kan katifata, wadda ta haura shekara ashirin, ina lallashin kaina: wataƙila ta ƙudura zan tafi da tawa. Ta san ba na yarda a canza mini kaya. Wataƙila. Na kwana biyu ina cin wannan wataƙilar.

Saƙo na ƙarshe ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Maƙwabciyata ta karanta a hankali.

"Faɗa wa Inna. Yadda zan faɗa yana cikin rubutu."

Har sai da ta rubuta yadda za ta yi mini magana. 'Yar da na haifa. Mutum ba ya shirya baki haka in albishir zai yi.

Na ce, "'Yar nan, dube ni. Ran nan katifa nawa ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ɗaya ce, Hajiya."

"Na sani. Na so in ji ne a bakin mutum."

Ta fara kuka, ta riƙe hannuna tana cewa in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba, ta tafi kada ta makara. Fataken sun fara taruwa a kan benci, ɗaya yana buga kwano yana cewa Hajiya yau yunwa za ta kashe mu. Na ɗaura ɗankwali na fita na zuba musu.