Mangazar da Baba Sarzan Yake Tsaro

Akwai wata safiya a Yamai da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba, kuma ni ne mai laifi a cikinta.

Shekarar fari ce, lokacin mulkin soja, lokacin da kogin Isa, babban kogin garin, ya janye har mutane suna ratsa shi da ƙafa. Na zo daga Tawa ban daɗe ba. Da yake na ɗan yi lakwal, wato karatun boko, sai mai unguwa ya damƙa mini makullin mangazar da ake ajiye hatsin taimako. Makulli ne kawai, amma na ɗauki kaina kamar wani kwamanda.

A unguwar akwai wani tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi tun kafin a haife ni. Kowa Baba Sarzan yake ce masa. Yana da mata ɗaya da jikoki marayu uku. Duk yunwar da ake ciki bai taɓa shiga layin rabo ba, ya ce soja ba ya miƙa hannu. Da dattawan unguwa suka ga gidansa na kwana ba a ɗora tukunya ba, sai suka yi dabara. Suka naɗa shi mai gadin mangaza, kowane gida yana cire ɗan abin da ya samu, ana haɗa masa hatsi duk Juma'a a matsayin ladan aiki. Ya karɓa, don wannan guminsa ne.

Motar hatsi ta daina zuwa, mangaza ta koma wayam, amma ba wanda ya ce masa ya tashi. Kullum yana bakin ƙofa da tsohuwar rigarsa mai lambobi, da sanda a hannu.

Ran nan na zo ɗaukar sikeli, ina tare da abokaina biyu. Baba ya gicciya sandarsa a ƙofa.

"Ina takardar mai unguwa?"

"Baba, ni ne fa mai makulli."

"Makulli daban, izini daban, ɗana. Je ka kawo takarda."

Abokaina suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Yau kwamanda ya gamu da janar." Wannan dariyar ce ta hau mini kai. Na ture sandar, na buɗe ƙofa har bango, na ce, "Leƙa ka gani. Me kake tsaro? Ko ɓera ya yi ƙaura. Sadaka ake ba ka, Baba, an dai laƙaba mata sunan aiki."

Bai leƙa ba. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya jingina sandar a bango, ya tafi yana jan ƙafarsa mai ciwo.

Da Juma'a ta zo aka kai masa hatsi, ya sa aka mayar. Ta biyu ma haka. Ina wucewa ta ƙofar gidan ina ganin jikokin zaune shiru, ba mai wasa. Mai unguwa bai zage ni ba, ya dai daina amsa gaisuwata da fara'a, kuma wannan ya fi mini zagi zafi.

Daga ƙarshe na tattara kunyata na je. Matarsa na tarar tana dafa ganye zalla. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi kuskure, na tona masa abin da bai sani ba."

Ta ce, "Bai sani ba? Mutumin da ya yi shekaru yana tsaron kayan soja? Tun ranar da buhu na ƙarshe ya fita ya sani. Yana yi ne kamar bai sani ba, dattawa ma suna yi kamar bai sani ba, yara suna cin tuwo. Kai kaɗai ne ka ga sai ka faɗa."

Na tashi na koma gida.

Mai unguwa ne ya gyara ɓarnar. Ya tara magidanta ya ce ɓarayi sun yi yawa, kowa ya kawo ɗan hatsinsa mangaza a ajiye wuri ɗaya. Wani rabin buhu, wani ƙullin zane. Ni aka sa na ɗauko na farko a ka, na bi ta ƙofar Baba, na ce, "Ranka ya daɗe, kayan mutane na ciki, ba mai tsaro." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Inna ta miƙo masa rigarsa. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin roƙonsa gafara baki da baki ba. Wannan ma laifina ne.

Yanzu na kai shekarunsa na wancan lokaci. Abin da na koya shi ne, ba hatsin kaɗai unguwarmu take ba shi ba, har da rufin asiri, kuma shi ne ya fi wuyar haɗawa. Idan ka ga jama'a sun yi shiru a kan abin da kowa ke gani, kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai ido. Ka fara tambayar wa ake rufa wa asiri.