Kamu Huɗu na Malam Ila

A layinsu can cikin Rigasa, idan ka ce kana neman Malam Iliyasu direba, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Ila Saura-Kaɗan, kowa zai nuna maka gidan da ke manne da masallaci. Sunan ya samo asali ne daga amsar da ya shekara goma sha uku yana ba duk wanda ya tambaye shi labarin motarsa. Bai taɓa jin haushin sunan ba, don a ganinsa gaskiya yake faɗa.

Ila dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya a ƙofar zaure, ga hannuwa zara-zara. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙi a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse da ke wajen Mando, kuma sha huɗu daga ciki a mota ɗaya ya yi su, wata farar a-kori-kura mai shan dizal. Da kamfanin ya durƙushe aka yi gwanjon kayansa, ita ce kaɗai ba wanda ya taya. Injinta ya buga, tsatsa ta cinye ƙasan bodinta, gilashin gaba ya tsage gida biyu. Ila ya saye ta da abin da aka sallame shi da shi. Da igiya aka jawo ta har gida, aka cire tsohon langa-langan da ya kare filin da ke tsakanin zaurensa da bangon masallaci, aka tura ta tsakar gida.

Abin da yake so ba shi da yawa. Duk rayuwarsa motar wani ya tuƙa, yamma ta yi ya miƙa makulli. Shi dai ya ga ranar da zai hau titin Rigasa a motar da take tasa, wadda ya tayar da hannunsa, ya kai Giwa garinsu ya dawo. Wasu za su ce wannan ba buri ba ne da dattijo zai ƙarar da ƙarfinsa a kai. Waɗanda ke faɗin haka galibi suna da motarsu.

Aikin ya yi ta jan ƙafa ne saboda guntu-guntu ya yi shi. Idan wani mai babbar mota ya rasa direba, Ila ya yi masa tafiya ɗaya ko biyu, da ya dawo sai Fanteka, kasuwar tsofaffin kayan mota. Can zai wuni yana tona tarin ƙarafa, ya dawo da nozul guda ko lagireto, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir a cikin tsohuwar tasa. Bai yarda da garejin kowa ba. Kaji suka mayar da kujerar gaba wurin ƙwai, matarsa Harira kuma ta mayar da ƙarafan baya wurin shanya.

Harira ba ta taɓa kushe motar a gaban mutane ba. A cikin gida dai takan kira ta baƙuwar da ta ƙi tafiya. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, kuma gaskiyar da duk layin ya sani ba a faɗa ita ce, tukunyar gidan da hannunta take tafasa a yawancin waɗannan shekarun. A shekara ta huɗu da zuwan motar ta ce tana son shago na bulo a wannan fili na gefen zaure, don ta gaji da masu saye suna shigo mata har tsakar gida. Ila ya amince nan take, da sharaɗin a bar wa mota hanyar fita ta jikin masallaci.

A nan aka yi kuskuren. Ila yana shirin tafiya Legas da lodin masara, sai ya kira Rilwanu birkila, abokin sahunsa a masallaci. Kafin ya zo, Ila ya auna faɗin bodin motar yadda kowa ke auna yadi ko igiya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ya samu kamu uku da rabi. Ya ƙara rabi don sakewa, ya ce wa Rilwanu ya bar kamu huɗu cif. Rilwanu ya ce an gama. Mutumin kirki ne, bai rage ko ɗan yatsa ba, kamu huɗu ya bari. Sai dai Rilwanu gajere ne, wanda ko bulon layi na biyar sai ya taka benci yake ɗorawa.

Da Ila ya dawo ya tarar an yi gini, an kafa ƙofar ƙarfe mai ganye biyu. Ya ɗan ji a ransa kamar hanyar ta tsuke. Amma a lokacin motar tsirara take, ba bodi ba ƙofofi, ido na ganinta siririya. Ban da haka, ka sake auna aikin mutum bayan ya ce maka ya gama, ai tamkar ka kira shi maƙaryaci ne, kuma gobe da asuba kafaɗarku za ta haɗu a sahu. Ila ya sa albarka ya wuce. Motar kuwa ba ta sake matsawa daga inda take ba sai bayan shekara tara.

A cikin shekarun nan ya ƙawata ta yadda ransa ke so. Ya sa mai walda ya zo gida ya yi mata ƙarafan ɗaura tamfol. Ya kafa benci biyu na katako masu naɗewa a baya, da ƙaramin tankin ruwa mai famfo don alwala a hanya. Ya samo hon na babbar mota. A ɓangaren fasinja ya liƙa matakala, saboda gwiwoyin Harira. Fenti kore ya shafa mata da hannunsa, shafi uku, ya ja layin ruwan ɗorawa a gefe. Layin ne ya fara tona masa asiri, don bai miƙe ba. Hannunsa na dama ya soma rawa, kuma shekara biyun ƙarshe abin da yake ɗaurawa a awa ɗaya sai ya kai shi wuni. Bai gaya wa kowa ba, Harira kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Wata Asabar da hantsi ya zuba dizal, ya cire iskar da ke cikin bututun mai, ya yi bismilla ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka haye katanga. Ila ya kifa goshinsa a kan sitiyari yana sauraren bugun injin, hawaye na zuba, bai ko share ba. Kafin a ce haka maƙwabta sun cika ƙofar gida, har da waɗanda suka raɗa masa sunan. Aka wangale ganyen ƙofa biyu. Ya sa giya ya taho a hankali, hancin motar ya doshi hanya, sai ya taka birki.

Direba ba ya bukatar a gaya masa. Ya sauko, ya naɗe madubai, ya koma ya duba. Ya kwance su gaba ɗaya, ya sake dubawa. Abin da ya rage bai kai taƙi ɗaya ba, amma bango ba ya matsawa. Shawara kuwa ta yi ta zuwa kyauta. Wani ya ce a sace iskar tayoyi, kamar tsawo ne matsalar. Wani ya ce a shafa sabulu. Aka aika aka kira Rilwanu, ya zo da gudu, ya rantse kamu huɗu ya bari, ya durƙusa ya auna a gaban kowa, huɗu cif. Ila ya auna, uku da 'yan kai. Sai liman ya ce su haɗa hannuwansu. Suka jera gwiwa da gwiwa, yatsun Rilwanu suka tsaya a wuyan hannun Ila. Mutane suka so yin dariya, da suka dubi fuskar Ila sai kowa ya haɗiye tasa.

Bangon masallaci ba abin taɓawa ba ne, wannan ko magana ba a yi ba. Saura na shago. Rilwanu ya duba ya ce shi ne ke ɗauke da rufin, in an fasa shi sai an sauke kwano, kuma abin da zai rage bai fi wurin ajiye buhu biyu ba. Kwana uku Ila bai taɓa motar ba. Yakan zauna a kan benci a gefenta, a kawo abinci a ɗauke yadda aka kawo.

A rana ta huɗu da safe ya ji motsi a shago. Ya leƙa ya ga Harira tana sauke jarkokin mai daga kantar shagon tana jerawa a waje, Rilwanu kuma na tsaye da guduma, ya rasa inda zai sa idonsa. Ita ta aika a kira shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓata fuska ba. Sai dai da ta ɗauki kwanon ƙarshe ta tsaya ta dafa bangon da tafin hannunta, ta daɗe a haka. Ila ya san abin da ke cikin wannan bango: shekarun da ta yi gaban wuta tana matsar gyaɗa, har fatar hannunta ta canza. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya ce wa Rilwanu ya ajiye gudumar.

Harira ta juyo ta ce, "Malam, bari a fasa. Shekara goma sha uku fa. Ni ma ina so in ga ta fita."

Ya ce, "Za ta fita. Mayar da kayanki."

Ya yi wa Rilwanu bayani a taƙaice. Za a sauke bodin baya, a kwance wayoyi da sitiyari da gilasai, a ɗaga kan motar daga gindinta, maza su kwantar da shi a gefe su fitar. Gindin da inji zai wuce shi kaɗai. Sai a sake haɗa komai a waje, a bakin layi, cikin rana da ruwa. Rilwanu ya dubi hannun Ila da ke rawa a jikin rigarsa, ya tambaye shi a hankali ko yana ganin zai iya mayar da ita yadda take.

Ila ya ce, "Ban sani ba. Amma ita da noti aka ɗaura ta, na san inda kowanne yake. Bangon Harira in ya faɗi ya faɗi."

Ya shiga ɗaki ya cire rigar, ya fito da akwatin kayan aiki, ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya kwanta ƙarƙashin motar. Sau biyu sifana tana zamewa daga kan notin farko, wanda shi da kansa ya ɗaure tamau don kada ya taɓa kwancewa. Sai ya kama ta da hannu biyu.