Goyon Baba Zuwa Kan Dutse

Aikina a loko na Kafanchan, wato wurin ajiye injinan jirgin ƙasa, zuba wa injin kwal ne. Shebur a hannu, bakin wuta a gabana. Ban yi makaranta ba, amma abu ɗaya na sani kamar yunwar cikina: wanda ya fi kusa da wuta shi ya fi jin zafi. Da wannan sanin na kai ubana kabari.

Bayan yaƙi da 'yan shekaru, tari ya kama Baba. A kan dutsen Kagoro aka haife shi. Yana saurayi ya sauko neman aikin layin dogo, ya haife ni a gari. Ni ban taɓa hawa ba. Daga loko nake hango dutsen, rana na haska kansa tun kafin ta iso mana.

Na kai Baba wurin mai ba da magani. Ya saurari ƙirjinsa, ya ba mu ƙwayoyi, ya ce, "Kada sanyi ya taɓa shi. Ɗumi yake so. In kun kiyaye, zai tashi."

Damina ta ƙare ke nan, ɗakinmu har yanzu da laima. Baba ya kira ni.

"Ka kai ni sama wurin gwaggonka. Can rana ta fi kusa."

"Baba, ba ka da ƙafar hawa."

"Kai kana da baya."

Na duba maganar, na ga ta yi daidai da aikina. Matata ta ce mu jira shawarar fasto. Na ce mata fasto ne zai goya shi?

Mota ta sauke mu a gindin dutse da hantsi. Na ɗaure shi a bayana da zanen matata. Buhun kwal ya fi shi nauyi. A ƙasa zafi kamar bakin injin. Muna hawa, iska tana canjawa. Da muka wuce rabi, sai na ji haƙoransa na kaɗawa a bayan kunnena. Na tuɓe rigata na rufa masa.

"Baba, ni ma sanyi nake ji."

"Gumi ne ke bushewa. Hau."

Na hau.

Gwaggo, ƙanwarsa ce, muka same ta tana sussukar acca a kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse. Ta dube mu, ta yar da sanda.

"Wane mahaukaci ne ya kawo mai tari nan?"

"Ɗumi muka zo nema, Gwaggo."

"Ɗumi? A nan? Ɗan gari, kwal ya toshe maka kai."

Ta fizgi hannuna ta ɗora a kan fa. Zafi rau. Ta ɗaga shi sama daidai kaina. Iska mai sanyi ta ratsa yatsuna.

"Ka ji? Dutse ne ke shan rana. Iskar nan ba ta riƙe komai. Mu da muke da lafiya ma da wuta muke kwana."

Sai ta juya ga yayanta, ta koma yarenmu. "Ka yi wa yaron nan ƙarya."

Baba ya kau da kai. Yana kallon can bayan gidan, inda aka jera wasu duwatsu.

Na ce mu juya yanzu. Ga gajiya, rana ta karkata, Gwaggo ta ce in na sauka da shi haka, mu biyu za a tsinto a rami. Da safe hazo ya rufe ko'ina, ko akuyar da ke ƙofa ba na gani. Tarin ya ninka. Da hazon ya ɗaga, na shimfiɗa zanen goyo. Baba ya kama ƙafar gado da hannu biyu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

"In na mutu a gari, a maƙabartar coci za ku sa ni, cikin baƙi. Ubana nan yake, bayan gidan nan."

"Ai ba mutuwa za ka yi ba. An ce za ka tashi."

"Da na faɗa maka gaskiya, da ka kawo ni?"

"A'a."

"To."

Iyakar maganarmu ke nan. Na hura wuta, na tara masa duk tsumman gidan. Na gasa duwatsu a rana na jera masa a gefe, kafin in juya sun huce. Ya cika da safiyar kwana na uku. A waje rana na haske tas, ni kuwa ina rawar ɗari. Ƙwayoyinsa ko rabi bai sha ba. Ni na haƙa ramin, kusa da na kakana.

Da na koma aiki, na ba direbanmu labari. Shi ya yi makaranta. Ya ce rana ba iska take ɗumamawa ba, ratsa ta take yi ta doki ƙasa, ƙasa kuma ta mayar wa iska da ɗumin, kamar kasko da abin da ke kansa. Can sama iskar ba ta da kauri, ɗumin ba ya zama. Ya ce nisan rana ya wuce a ce hawan dutse ya rage shi. Ya ce 'yan firamare ma sun san wannan.

Na ce na gode. Na ci gaba da zuba kwal.

Gwaggo ta yi ta aiko mini in zo in ga kabarin. Ban sake hawa ba har ta mutu. Mutane suna cewa Baba ya yi sa'a, ya kwanta cikin danginsa. Haka ne. Shi ya sami abin da yake so. Ni aka bar wa bayan da ya goya shi.