Jiniyar da Yaya Lawali Ya Tsinke

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Lawali, mai ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan Isa zuwa asibiti a kan babur. Ni ungozoma ce, hannuna yake kawo su. Har yau in na ji ƙarar babur a ƙofar asibiti sai in leƙa in ga ko wane ne.

Wata shekara anka kawo muna keken ɗaukar majinyata mai ƙafa uku, fari fes, da gado a bayansa. Waɗanda sunka ƙera shi ba su tambayi kowa ba. Ana tada shi jiniya za ta kama kuka, babu wurin kashewa. Jama'a, jiniya a dajin da 'yan bindiga ke sauraren motsin kowa! Ga faɗi, da damina ba ya ratsa tsakanin gonakin gero. Lawali ya sa wuƙa ya tsinke wayar jiniyar. Anka ba shi takardar tuhuma, wai ya ɓata kayan gwamnati. Ya ce wa babban jami'in da ya ba shi takardar, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Da kun tambaye mu."

Bana wasu matasa injiniyoyi sunka zo daga Sakkwato da zanen sabon keke. Abin mamaki, sai sunka tara masu baburan ƙarƙashin icen bedi, wato dalbejiya, suna tambaya suna rubutawa. Yaya, da kana nan me za ka ce? Na san za ka yi dariyar nan taka, ka ce a bari a gani a ƙasa tukuna.

To, ni ma hankalina bai kwanta ba. Wata uku da tafiyarsu, shiru kake ji. Hadari ya fara haɗuwa, ga mata masu tsohon ciki bayan Bafarawa, hanya kuwa ba ta jiran kowa. In ba su dawo ba, wallahi za ni bi su har Sakkwato.

Lawali ya rasu bai bar wa kowa gida ba, bai bar gona ba. Amma a taron nan na ga abokin aikinsa Ummaru, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake ɗaga kai, ya ɗora yatsa kan zanen ya ce, "Malam, wanga gado in mace ta kwanta, kanta zai bugi ƙarfe." Injiniyan ya goge, ya sake zanawa. Ba wanda ya ba Ummaru takardar tuhuma.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.