Kunya Biyun da Kawu Ummaru Yake Bar wa Fakaru

Shekara tara ke nan cif da muka rufe Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni tun ina ƙarami a ƙauyenmu na bayan Kucheri. Bana na fi kowace shekara tunawa da shi, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya jawo.

Kawu yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. In an zo girbi, sai ya bar kunya biyu na gero a tsaye ta bakin daji, ya hana a nome ciyawar kan iyaka, ya hana a tsince kala tas. Na taɓa ce masa wannan ai ɓarna ce. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kai wanga yaro, mi ka sani? Bar ma tsuntsaye su ci. In suna nan, su ka hwaɗa maka mutum na tahe." Haka kuwa abin yake. Fakaru na tashi firr daga ciyawa, ko kurciyoyi su watse, Kawu zai miƙe da fartanya a hannu ya ce ga baƙo nan. A lokacin baƙon bai wuce makiyayi mai neman ruwan sha ba.

Da gonar ta dawo hannuna, na nuna ni ɗan zamani ne. Na watsar da gero na koma waken suya. Na saya maganin feshi na ƙone ciyawar iyaka ƙurmus, fara da tsutsa suka bi ta. Inji ke sussuka, mu ɗure buhu mu gudu gida, ko ƙwaya ba ta kwana a ƙasa. Maƙwabtana ma haka suka yi. Tsuntsu me zai ci? Suka tafi, ban ma lura da ranar da suka tafi ba.

Bara da kaka, da hantsi, wasu mutane suka ɓoye baburansu bayan dutse suka tako da ƙafa. Ina duƙe ina tuge wake, gona ɗaya ce tsakanina da ta abokina Isiya. Wallahi ban ji komai ba. Da na ɗago, hularsa kawai na hango a ƙasa. Har yau Isiya bai dawo ba.

Da Kawu zai leƙo gonar nan yau, ba zai tambaye ni buhu nawa na samu ba. Tsayawa zai yi ya saurara, sannan ya dube ni.

Allah Ya jiƙansa. Rumbunsa ya rushe, gonar ma ta sake kamanni. Abin da ya rage mini nasa shi ne sauraron daji da ya koya mini. Jibi zan shiga girbi, matata tun yanzu ta daina cin abincin kirki. Zan duƙa, in kasa kunne yadda ya koya mini, alhali na san babu abin da zai tashi.